Bindigar Kaka Hikoshichi

Ƙauyen Shiomine, Kagoshima
Farkon Satumba, 1987

Zuwa ga ɗana Kuniharu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Kushiro bai fara cin ka ba. Mu nan zafi ya ƙi sakin mu, dutsen nan namu mai aman wuta kuma sai zuba mana toka yake yi, shanya ma ta gagara. Gwiwata tana nan yadda ka san ta. Kunne kuwa ya ƙara tafiya, don haka kada ka wahal da kanka da waya, ihu za ka yi ta yi ina cewa me ka ce.

Bayan haka, guguwar watan jiya ta yaye rabin rufin rumbun bayan gida. Na kira Tokuji kafinta ya hau ya duba. Yana cusa hannu a bayan babban katakon sai ya jawo wani dogon abu naɗe cikin tabarma da takarda mai mai. Muka kwance a tsakar gida, sai ga bindiga. Tokuji ya ja da baya kamar ya ga maciji.

Na san ta Kaka Hikoshichi ce, kakana ni da yayana mahaifinka. Yana saurayi ya bi mutanen yankinmu yaƙin da suka yi da gwamnati a shekara ta goma ta mulkin Sarki Meiji, aka ci su, ya dawo da ƙafa. Har ya rasu ina budurwa ban taɓa jin ya ce uffan a kan yaƙin ba. Ashe da hukuma ta ce a miƙa makamai, shi sama ya hau da tasa.

Tsawonta ya kai kafaɗata. Ƙarfen ya yi ja, icen ya yi baƙi ƙirin, akwai wani rubutun tawada a gindinsa da datti ya rufe, ban iya karanta shi ba. A bayan bututun kuma akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa gefe.

Kai ne mahaukacin tsoffin bindigogi a danginmu, kai da ka cika ɗakin haya da ƙarafa har baiwar Allah matarka Sumie ta rasa inda za ta shimfiɗa katifa. Sai ka faɗa min yadda zan yi da ita. Ka gaida Sumie.

Goggonka,
Fusae

*

Kushiro
Tsakiyar Satumba

Goggo,

Na gaishe ki da kyau. Muna lafiya, sai dai aiki. Kifi ya shigo, injinan ƙanƙara ba sa hutawa, ni da nake gyara su ma haka. Ki riƙa ɗaure gwiwar da tawul mai ɗumi.

Goggo, a tsaye na karanta wasiƙarki, sai da na nemi kujera. Kin san abin da ke hannunki kuwa? Asalinta bindigar Ingila ce mai ɗuri ta baki: a zuba albarushi ta sama, a danna harsashi da sanda, mutum na tsaye abokin gaba na kallonsa. Daga baya, maimakon a zubar da dubbansu, sai maƙera suka yanke bayan bututun suka dasa wannan 'yar ƙofa, ana ɗura ta baya mutum yana kwance. Tsohuwar bindiga ce da aka yi wa sabon baki. Irinsu nake bi tun ina saurayi. Waɗanda ke ɗakina duk an toshe su da narkakken ƙarfe kafin su zo hannuna, ƙofofinsu a liƙe. Ban taɓa buɗe mai rai ba, ashe ga ta a rumbunmu, saman inda nake ɓuya ina yaro.

Yanzu ki ji ni da kyau. Kada ki gaya wa kowa. Ki ja wa Tokuji kunne ya kama bakinsa, duk da na san bakin nan nasa ba ya kamuwa. Ki ajiye ta inda babu laima, ki bar min sauran. Da zarar kifi ya lafa zan sauko.

Ki faɗa min, ƙofar dama take buɗewa? Akwai ɗan maɓalli a gefenta ko babu? Tana ƙara idan an rufe ta?

Ɗanki,
Kuniharu

*

Shiomine
Ƙarshen Satumba

Kuniharu,

Ina lafiya, tawul ɗin ma na gode, da ma ban san da shi ba sai da ka faɗa.

Shafi uku ka rubuto. Tun da ka tafi arewa ban taɓa samun shafi uku daga gare ka ba, ko da mahaifinka ya rasu kati ka aiko. To ga amsoshinka: dama take buɗewa, akwai maɓalli, ƙara kuwa ka tambayi mai kunne.

Batun kada in gaya wa kowa, ka makara. Kafin wasiƙarka ta iso, ɗan sandanmu Malam Sameshima ya zo zagayen gidaje da ya saba, ya zauna a baranda na ba shi shayi da dafaffen dankali. Ya tambaye ni ko akwai wani sabon abu a gida. Me kake so in ce? Mutumin da ya goya ni zuwa asibiti bara, in dube shi in yi masa ƙarya da dankalina a bakinsa? Ko da wasiƙar taka ta riga shi, da na faɗa. Na yi mamakinka ƙwarai. Gidan nan ba a taɓa kiran sunansa a ofishin 'yan sanda da mugun abu ba, ba kuma a kaina za a fara ba, ina da shekara saba'in da biyar.

Ya yi min kirki. Ya kai ni a motarsa aka rubuta cewa tsintar ta aka yi, aka bar min ita zuwa farkon Disamba, lokacin da kwamitin masu duba tsoffin makamai zai zauna a birni. Idan sun yarda kayan tarihi ce, su ba ta rajista ta zauna a gidanmu. Idan ba su yarda ba, hukuma ta karɓe a yanka ta. Na ce masa ai ɗana masani ne, shi zai zo ya yi musu bayani. Na faɗa a gaban mutane, kada ka ba ni kunya.

Goggonka

*

Kushiro
Oktoba

Goggo,

Ina fatan kina lafiya. Ni mura ta kama ni, amma na miƙe.

Ban ce ki yi wa hukuma ƙarya ba, cewa na yi ki jira ni. Amma kin riga kin yi, sai mu san yadda za mu fita. Abin da ba ki sani ba shi ne, 'yar ƙofar nan da nake ƙauna ita ce matsalar. Da ta baki take ɗuri kamar yadda aka ƙera ta, da ido rufe za su sa mata hannu. Amma da ƙofar tana cin harsashi mai kwanson ƙarfe, irin wannan kuwa ba kasafai suke kallon ta a matsayin tsohon kaya ba. Shi ya sa na so in fara ganin ta, in shirya hujjata. Zan rubuta musu cewa bututun ya shigo ƙasar nan tun kafin zamanin Meiji, ƙofar daga baya ta zo. Ko za su saurara, ban sani ba. Raina a ɓace yake, Goggo, ba zan ɓoye miki ba.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, idan mutanen gidan tarihi na gari suka ji labari suka zo, ki ba su shayi ki sallame su. Idan ta shiga hannunsu sai dai mu riƙa leƙen ta ta gilashi kamar baƙi. Kayan gidanmu ce, a gidanmu za ta zauna. Na biyu, ki kula da ita sosai, kada ta je gaban kwamitin a wulaƙance, ido yana taimakon hukunci.

Zuwa kuwa, babban injin ya lalace, abokin aikina yana asibiti, maigida ya ce ko mutuwa aka yi sai dai in aika da fure. Zan gwada a Nuwamba.

Kuniharu

*

Shiomine
Tsakiyar Nuwamba

Ɗana,

Sanyi ya fara, na fito da bargo. Lemon bayan gida ya yi kyau bana, akwati yana hanya. Na yi shiru kwana biyu saboda aiki nake yi maka, hannuwana ma sai yanzu suka yarda su riƙe alƙalami.

Ka ce kada ta je a wulaƙance, wannan kam mun yi daidai. Ni kaina abin yana damuna. Mutane za su taso daga birni da kwat da farin safar hannu, in ajiye musu abu mai tsatsa da kashin ɓera, su ce matan gidan nan ba su san wanka ba? Ko tukunyar aro ba a mayar da ita da baƙi.

Tokar dutsen nan da ke addabar mu, yau ta yi rana. Na tankaɗe ta, na samu dunƙulen ciyawar shinkafa, na zauna a baranda ina dirzawa kullum da hantsi. Ƙarfen yanzu kana ganin fuskarka a ciki. Icen ne ya ba ni wahala, baƙin ya shige shi, sai da na aro takardar gugar katako wurin Tokuji. Da ya ji abin da zan yi ya ɗan sosa ƙeya ya ce ko a jira Kuniharu. Na ce masa Kuniharun ne ya ce a yi. Yanzu ya fito fari tas kamar sabon akushi, na shafe shi da man itacen kameliya. Na ɗinka wa bindigar riga da tsohuwar rigar kimonon mahaifiyarka.

Mutanen gidan tarihi sun zo, wata yarinya mai tabarau, Malama Ijichi. Na ba ta shayi na sallame ta yadda ka ce, ko rumbun ba ta gani ba. Nuwamba ta raba, ban ga ƙeyarka ba.

Goggonka

*

Kushiro
Nuwamba

Goggo,

Lemo ya iso.

Wa ya ce ki wanke ta? Cewa na yi ki kula da ita, ki naɗe ta, kada laima ta taɓa ta. A duniyar nan babu mai tara tsoffin makamai da zai sa wa irin wannan ko ruwa, balle toka, balle takardar kafinta. Baƙin nan da kika kankare shi ne shekarunta. Zufar hannun Kaka ce. Kin ɗauki abin da ya kwana shekara ɗari da goma lafiya kin mayar da shi kayan wasan yara. Rubutun fa? Goggo, rubutun da ke gindin icen, ki ce min kin bar shi.

Ban samu hutu ba. Takardar bayanina tana cikin ambulan nan, ki miƙa musu. Kada ki sake taɓa ta, ko ƙura ce ki bar ta.

Kuniharu

*

Shiomine
Ƙarshen Disamba

Kuniharu,

Ina raye. Na ga wasiƙunka biyu na bayan waccan, ban buɗe su da wuri ba, don wadda ta riga su ta ishe ni. Ban taɓa zaton yaron da na yi wa wanka a baho zai rubuto min haka ba.

Na je birni. Malam Sameshima ya kai ni, na sa kimonona mai kyau. Ɗakin cike da tsofaffi masu takubba, ni kaɗai ce mace. Da aka kira ni na zare mata riga na ajiye. Dattawa biyu na kwamitin suka dubi juna, ɗaya ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Baba, kin sha aiki." Na sunkuya na gode masa. Sai a mota na gane ba yabo ba ne.

Sun karanta takardarka har ƙarshe, sun ce wanda ya rubuta ya san abin da yake faɗa. Sannan ɗaya ya buɗe 'yar ƙofar ya rufe, ya ce da wannan ba za su iya ba ta rajistar zama a gida ba, ko an wanke ko ba a wanke ba. Ka ji, ko ba a wanke ba. Hanya ɗaya ta rage, gidan tarihi ya karɓe ta. A nan aka riƙe ta, da rigar kawai na dawo.

Washegari na hau bas na je wurin Malama Ijichi, yarinyar da na sallama da shayi. Kunya kamar in nutse. Ba ta riƙe ni ba, ta bi ni har ofishin 'yan sanda, inda aka mayar da bindigar, ta duba. Ta daɗe tana juya icen a gaban taga. Ta ce shugabanninta ba sa karɓar makami sai da shaidar cewa na mutanen yankin nan ne, kuma samarin da suka tafi yaƙin sukan rubuta sunan rundunarsu da nasu da tawada a gindin ice. Ta tambaye ni ko babu rubutu a da. Na ce akwai. Sai ta ce, "Ɗanki bai gaya miki ki kiyaye shi ba? Duk mai wannan sha'awar shi yake fara tambaya."

Na dawo gida na fito da wasiƙunka na shimfiɗa su. Tun a wasiƙata ta farko na faɗa maka akwai rubutu. Ka tambaye ni dama ko hagu, ka tambaye ni maɓalli, ka tambaye ni ƙara, ni kurma. Rubutun ko sau ɗaya ba ka ambata ba sai da ya tafi. Ba mantuwa ba ce, Kuniharu, na san ka. Ka san in na gane darajarsa zan nuna wa yarinyar nan, su kuma su ɗauka, kai kuma ka rasa. Ka gwammace ka bar ni cikin duhu. Ni na dirza, ban musa ba, amma da ka yi min layi ɗaya da hannuna bai je wurin ba.

Ta ce za ta gwada duk da haka. An ba mu zuwa bayan hutun sabuwar shekara.

Fusae

*

Kushiro
Farkon Janairu, 1988

Goggo,

Barka da sabuwar shekara, idan za ki karɓa daga gare ni. Dusar ƙanƙara ta rufe mu. Sumie tana gaishe ki, ta karanta wasiƙarki, tun ranar abinci kawai take ajiye min ta tashi.

Ba zan yi gardama da ke ba. Na zaci zan iso kafin komai ya faru, in karanta shi da idona, ni na fara. Yanzu ba lokacin wannan ba ne. Ki roƙi Malama Ijichi ta sa a haska icen da fitila ta musamman, wani lokaci tawada takan bar sawu a ƙasa. Ki sa Tokuji ya rubuta cewa shi ya ciro ta daga rufinmu ya kuma ga rubutun. Ni ma na aika mata da wasiƙa. Su ɗauka, Goggo, su sa ta a gilashi, su rubuta abin da suka ga dama a ƙasa, in dai ba za a yanka ta ba.

Na samu hutu a ƙarshen wata. Ki roƙi Malam Sameshima su jira ni, ko sau ɗaya in riƙe ta.

Ɗanki,
Kuniharu

*

Shiomine
Tsakiyar Janairu

Ɗana Kuniharu,

Na karɓi gaisuwarka, kai ma barka. Ka ce wa Sumie ta zauna ta ci abinci da kai, faɗan namu ne, ba nata ba.

An haska icen, babu komai, na yi aikina da kyau. Tokuji ya rubuta shaidarsa da kyakkyawan hannu, har da hatiminsa. Shugabannin gidan tarihin sun ce sun yarda da mu, amma maganar maƙwabci ba ta isa su ajiye makami ba. Malama Ijichi da kanta ta zo ta faɗa min, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa, sai ban haƙuri take yi kamar ita ta yi laifin.

Malam Sameshima ya roƙa maka, amma ba a hannunsa take ba. Motar da ke kwashe irin waɗannan kaya ranarta ɗaya, ba ta jiran hutun kowa. An tafi da ita ranar Talata. Kafin nan ya ce ice ba makami ba ne, ya sa aka kwance shi aka ba ni. Na naɗe shi na dawo da shi a bas a kan cinyata. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ban san inda zan ajiye shi ba, bai yi kama da kayan Kaka ba, bai yi kama da kayan kowa ba.

Har yanzu ina jin haushinka, ina kuma jin haushin kaina, ban san wanne ya fi ba. Mutumin nan ya dawo daga yaƙi a kaye, ya ɓoye abu ɗaya tak ya ce wannan ba zai bayar ba. Rufin rumbu ya riƙe masa amana duk shekarun nan, mu biyu muka gama da ita a kaka ɗaya.

Kowace safiya ina hawa maƙabarta in sauya furanni kamar kowa. Duk abin da ya faru a gidan nan a can nake faɗa, haihuwa, mutuwa, har guguwar da ta yaye rufin na gaya musu. Wannan ne na kasa. Sai in zuba ruwa, in gyara fure, in tsaya gaban dutsen kabarin Kaka, bakina ya ƙi buɗewa, in juyo. Matar Tokuji har ta fara tambaya ko lafiya.

Kada ka fasa hutun. Bindiga babu, kada ka zo da ran ganin ta. Ka zo ka tsaya kusa da ni mu gaya masa tare, ka faɗi naka in faɗi nawa, don ni kaɗai ba zan iya ba. Ka taho da takalmi mai kauri, hanyar tana da santsi.

Goggonka,
Fusae